Wufa Biyu da Taɓaryar Inna

Injin casar shinkafa ne ya cinye kunnen Baba. Shekara da shekaru yana tsaye a gefensa a wani kamfani a Kura, har ya zama sai an matso ana ɗaga murya, daga baya ɗaga muryar ma ya daina amfani. In za a yi masa magana sai a rubuta, ko a yi da hannu.

Bayan rasuwar Inna da wata biyu na dawo gida hutu. Wata rana bayan la'asar Baba ya same ni a zaure ina karatu, ya ce, "An ce kana da muryar uwarku a wayarka."

Akwai kuwa. Saƙon murya ne guda ɗaya da ta aiko mini ina makaranta a Kano. Ta ɗora wayar ƙanwata a kan bulo tana daka tana magana. Na kara masa a kunne, na ƙure ƙara. Ya jima, sannan ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Na san Baba yana gane zuwan tarakta tun daga bakin kanal ɗin ban ruwa, a tafin ƙafarsa. Sai na yi tunanin abin da kunne ya kasa, ko jiki zai iya. Yayana yana da wufa biyu, manyan sifikun nan masu rugugi, da amfilifaya ɗaya mai tura musu sauti, ragowar gidan kallon ƙwallon da ya rufe. Washegari muka kwaso su a Keke Napep.

Yaya ya kama wayoyin sifikun zai haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, duka biyun a baki ɗaya. Na ce ya dakata. A bayan kowace wufa an rubuta om huɗu, wato ma'aunin yadda take tare wutar lantarki, kuma amfilifayar ba ta ɗaukar ƙasa da huɗu. In aka haɗa su yadda yake so, lissafin zai sauko biyu, ta yi zafi ta ƙone, ga shi ba mu da wata.

"Malam Lissafi," in ji shi, "sifika ma sai ka buɗe mata littafi? Haka na yi shekara biyu ina haɗawa."

"Shi ya sa amfilifayarka ta farko ta ƙone, Yaya."

Ya harare ni, ya jefo mini filaya.

Na jera su: daga jan amfilifaya zuwa jan ta farko, baƙinta zuwa jan ta biyu, baƙin ta biyu ya koma gida. Om takwas ke nan. Ƙarar za ta ragu, amma ba abin da zai ƙone. Na murɗe kowane baki, na naɗe da tef, na duba sau uku. Muka manna akwatunan biyu da bencin katako, ɗaya a kowane gefe, Baba ya zauna a tsakiya, ya ɗora tafi a kan kowanne.

Na jona wayata da amfilifayar, na kunna.

Duk lissafin nan da na yi, na manta abu ɗaya da ke cikin littafin. Wufa ba ta fitar da siririyar murya, kauri kawai take ɗauka. Muryar Inna ta ɓace, sai wani gunaguni kamar daga cikin rijiya. Abin da ya fito sosai shi ne taɓaryar. Dim. Dim. Benci yana rawa, ƙura tana tsalle a kan akwati.

Kunya ta kama ni, na kai hannu zan kashe. Baba ya riƙe mini wuyan hannu.

Idonsa a rufe yake. Leɓensa yana motsi, yana ƙirga. Da saƙon ya ƙare ya ce, da ƙarfi kamar yadda yake magana tun da ya daina jin kansa, "Ita ce. Sake."

Na sake. Yaya ya tashi ya tsaya a ƙofar zaure, ya ba mu baya.

A karo na huɗu Baba ya buɗe ido. "Me take cewa?"

Na rubuta masa a bayan littafina: tana cewa in riƙa cin abinci, tumatir ya yi kyau bana, kowa lafiya.

Ya karanta a hankali, ya girgiza kai. "Ba lafiya ba. Da sau goma take bugawa kafin ta huta. Nan uku take yi ta tsaya." Ya sake ɗora hannu a kan akwatin duk da ya yi shiru. "Yaushe ta aiko?"

Na rubuta: kafin azumi. Wata biyar ke nan kafin a kai ta asibiti.

"Tun lokacin ashe ciwon yana cin ta. Ba ta faɗa mini ba." Ya shafa akwatin. "Ko ta faɗa, ban ji ba."

Na taɓa bayan amfilifayar, ko ɗumi ba ta yi ba. Baba ya gyara zama a kan benci, ya yi mini alama da haɓa, na sake kunnawa.