Wasiƙun Kaka a Gwangwani

Jiya 'yata ta buɗe wani tsohon gwangwani, ƙamshin turaren marigayi kakana ya buge ni. Wasiƙun ajami ne a ciki, daga 'yan'uwansa na Nijar. In ya dawo daga wurin aikinsa na katako a unguwar Anloga bayan la'asar, da garin katako a gemunsa, yakan tara mu a tabarma ya karanta mana, yana kwaikwayon muryar kowa. "Ku saurara, danginku ne ke gaisuwa," yakan ce. Daga bakinsa muka san su, amma ba wanda ya koyi karatun.

'Yata ta miƙo mini ɗaya. "Baba, karanta mini."

Na jujjuya takardar, na mayar.

Allah ya jiƙanka, Kaka. Allah ya yafe mana, mun bar danginmu sun yi shiru cikin gwangwani.