Sassaƙen Gabas da Yamma

Mahaifina yana da mangwaro guda a garkarmu ta bakin gulbi, a Argungu, wanda ya aura da hannunsa tun ban yi wayo ba. Garkar ta gado ce, tare suke nomanta da ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Shi Baffa albasa ce a ransa. Shekara da shekaru yana cewa inuwar iccen ta cinye masa fangali huɗu na albasa, Baba kuma yana cewa a bar shi. Ba su taɓa ɗaga murya a gabanmu ba, amma kowa a gidan ya san da maganar.

Baba ne ya koya mini auren mangwaro, wato haɗa reshen wani icce da jikin wani. Yakan fere rassan biyu, ya nuna mini wani siririn layi mai danshi da santsi tsakanin ɓawo da katakon ciki, ya ce, “Nan ran icce shike. In na wanga bai gamu da na wanga ba, ɗaurin banza kinka yi.”

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Ina aji uku a makarantar kwana a Birnin Kebbi, malamarmu ta kimiyya ta tsoma wani ɗanyen tsiro cikin ruwan jar tawada. Washegari ta yanka shi da reza, siriri kamar fatar albasa, ta sa a madubin ƙara girma. Muka yi layi muna leƙawa da ido ɗaya. Na ga ƙananan ramuka jere a zagaye. Na ciki sun yi ja, na wajen ba su yi ba. Ta ce na cikin su ke hawa da ruwa daga saiwa zuwa ganye. Na wajen, da ke maƙale da ɓawo, su ke sauko da abincin da ganye ya haɗa, su kai wa saiwa. Tsakaninsu akwai siririn layin da ke haifar su duka biyun. Sunayensu na Turanci sun daɗe da ɓace mini. Amma na gane layin nan take, na ƙagara a yi hutu in faɗa wa Baba cewa na ga abin da idona.

Ban samu na faɗa masa ba. Ciwon shawara ya kama shi bayan kaka, ba a aiko mini ba sai da ya rasu.

A zaman makoki kowa yabon Baffa yake. Wai shi ya tsaya a kan jinyar, kullum sai ya sassaƙo ɓawon mangwaro an dafa wa ɗan'uwansa. Ni ma na yi masa godiya, na durƙusa har ƙasa.

Bayan sadakar bakwai na tafi garka. Iccen na nan kore shar. Da na matso, sai na ga an yi masa zobe. Daidai ƙuguna, an ɗebe ɓawon faɗin tafin hannu, an zagaye gindin kaf, har an kankare layin nan mai santsi. Katakon ya bushe ya yi fari. Na zagaya sau biyu ina neman ko ɗan zirin ɓawo da ya rage ya haɗa sama da ƙasa. Babu.

A wajenmu ko yarinyar da aka aika sassaƙe ta san ƙa'ida. A ɗiba kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, a shafe wurin da laka. Baffa ya fi shekara hamsin a duniya.

Yana can yana ban ruwa. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Na ce, “Baffa, wa ya zagaye iccen ga?”

“Ni na. Magani niy yi ma ubanki.”

“Gabas da yamma aka ɗiba, Baffa.”

“To, malama ta zaka. Da shina kwance kina ina? Kina Birni kina cin burodi.” Ya nuna sama da haɓa. “Ɗaga kanki ki duba. Wane ganye guda ya bushe?”

Na ce ganye ba zai bushe yanzu ba, don ruwa ta ciki yake hawa. Saiwar ce aka yanke wa abinci, za ta ci abin da ta ajiye, in ya ƙare ta mutu. Ya yi wata 'yar dariya, ya kira mai garkar da ke kusa ya ce ya zo ya ji, wai ɗiyar marigayi ta ce icce yana da hanji.

Inna tana takaba, ba ta fita. Da na faɗa mata, sai ta ce, “Yi shiru. Mutumin da ya yi jinyar ubanki za ki ce ma haka? Hannunsa muke yanzu.” Ban ƙara tayar da maganar a gida ba.

Kafin in koma makaranta na yi abin da na iya. Na tuna malamar ta taɓa zana mana yadda ake yi wa icce gada in an ji masa irin wannan rauni. Na ɗauki wuƙar Baba, na yanko rassa shida masu kaurin yatsa daga jikin iccen, na fere kowane baki biyu, na cusa ɗaya ƙarƙashin ɓawon sama, ɗaya ƙarƙashin na ƙasa, santsi a kan santsi. Na toshe da kakin zuma, na naɗe da tsumma. Baffa yana kallona daga cikin albasarsa har na gama. Abin da ya ce kawai shi ne, “Allah ya ba da lahiya.”

A shekarar nan mangwaron ya yi furen da bai taɓa yi ba. Da na dawo hutu da bazara, rassa har ƙasa don nauyin 'ya'ya. Baffa ya aiko wa Inna da kwando cike, ya ce a ba malama ta ɗanɗana gawa. Mata suna shigowa suna sha suna cewa albarkar Baba ce. Sun ce ba su taɓa shan mai zaƙinsa ba, kuma na yarda, don duk abincin da ya kamata ya sauka ƙasa a sama ya tsaya. Ban sha ko ɗaya ba. Inna ta sha guda, ta yi kuka, ta ce ɗanɗanon hannunsa ne. 

Da na je garka, na tarar da jakin Baffa a ɗaure a gindin iccen. Garkar tana da turke, yana nan inda yake tun zamanin kakanmu. Igiyar kuwa daidai kan tsumman aka ɗaura ta. Huɗu daga cikin rassan da na cusa sun bushe tun farko, wannan laifin hannuna ne. Biyu sun kama. Na ga inda naman ya kumbura ya haɗe da ɓawo, sama da ƙasa. Igiya ta karya su a tsakiya, karayar har ta yi baƙi.

Na ce, “Baffa, ga turke can.”

Ya ce, “Jaki inuwa shika so.”

Na kwance igiyar na mayar da jakin turke. Sai da na yi ƙullin sau uku. Na so in sake sa wasu rassan, amma da na ɗaga ɓawon ƙasa da bakin wuƙa, ya riga ya ƙi rabuwa da katako, babu danshi. Sai na yanko reshe ɗaya daga sama, mai ido uku, na naɗe shi da jiƙaƙƙen mayafina. A bayan ɗakin Inna akwai wani ƙwallon mangwaro da ya tsiro inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. A kansa na aura shi.

Iccen garka ya ƙetare damina da ƙyar. Ganye ya yi ta ƙanƙancewa, ya yi rawaya, kafin wata bazarar ya tsaya tsirara. Baffa ya tara mutane suka sare, ya ce ai icce ma yana jin mutuwar mai shi. Wasu suka gyaɗa kai. Ya yi fangalinsa huɗu.

Na bayan ɗaki ya kama. Da na yi aure aka kawo ni Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi, na tono shi da ƙasarsa a tsohon bokiti na taho da shi cikin kaya. Mutane suka yi ta dariya, wai amarya ta zo da icce.

Shekaru suka wuce ina gaida Baffa da sallah, yana amsawa, iyakarmu ke nan. Inna ta rasu ba ta taɓa yarda a baki cewa da gangan ya yi ba, ko da yake ta daina cin albasar garkar, ba ta kuma faɗi dalili ba.

Daf da a raba mu da Sakkwato aka kawo Baffa asibiti a Birnin Kebbi, shi ma shawara ta kama shi, idanunsa sun yi ɗorawa. Matarsa a gidana ta sauka. Wata safiya ta tsaya a tsakar gida tana kallon mangwaron, ta ce ko zan bari ta ɗan sassaƙa ta dafa masa. Ba ta san asalin iccen ba. Ta riga ta ɗauko wuƙa daga madafa.

Na ce ta ba ni wuƙar. Na ɗiba ta gabas faɗin yatsa biyu, na zagaya na ɗiba ta yamma, na kwaɓa laka na shafe wuraren. Na zuba mata a kwano. Ta ce ai wannan ba zai kai kwana uku ba. Na ce haka ake ɗiba.

Ta ce, “Ba ki zuwa ki gane shi? Ya tambaye ki.”

Na ce ta gaishe shi. Ta tsaya kaɗan, sannan ta ɗauki kwanon ta fita, ni kuma na je na wanke lakar daga hannuna.