Muryar da Jiratawa Ta Ƙi Saurara

Ana idar da sallar asuba ranar Talata na ji hon ɗin Malam Ila, direban biromu, a ƙofar gidana da ke unguwar Zariya a Maraɗi. Na fito da jakar odinatar, wato kwamfuta, a kafaɗa, na tarar da Mushe Saini a gaban mota yana hamma. Injiniya ne Bazabarme da aka turo mana daga Yamai, Hausarsa tana tafiya amma da ɗingishi.

Ni ma'aikaciya ce a biron gwamnati mai kula da jin daɗin al'umma, wato naƙasassu da tsofaffi da matan da mazajensu suka rasu. Mushe Direkta ya ɗora mini rubuta tsarin yadda za mu yi aiki da na'urori a shekaru masu zuwa, kuma ranar Juma'a za a aika shi Yamai. Shawarar da na tsaya a kai ita ce odinatar ta riƙa kiran mutanenmu a salula, ta gaya masu da Hausa ranar da za su zo da abin da za su riƙo, tunda yawancinsu ba sa karanta rubutaccen saƙo. Mun gwada a garuruwa biyu. Mutanen Tsibiri suka saurara har ƙarshe, na Jiratawa kuwa da an fara magana sai su kashe. Direkta ya ce muddin ban gano dalili ba, zai soke wannan babin gaba ɗaya. Ni kuma na tabbata shawarata mai kyau ce, abin da ya fitar da ni ke nan.

Tsibiri

A shingen bakin gari jandarma ya duba takardar misiyo, wato ta izinin fita aiki, ya leƙa bayan mota, ya ɗaga mana igiya. Damina ta zauna sosai a shekarar, hatsi ya kai ƙirjin mutum dama da hagu. Masu kabu-kabu suna ta wuce mu ɗauke da masu zuwa aiki Maraɗi. Mushe Saini ya ɗora salula biyu a cinya yana kallon rezo, wato ƙarfin layin waya.

"Madam Hawa, ni na san matsalar," in ji shi. "Rezo ne. Tsibiri yana da, Jiratawa babu."

Na ce, "Ni ma haka nake zato, amma bari mu gani da ido."

Mun karya da shayi da burodi a bakin tasha, sannan muka wuce gidan Yaya Mariya, wakiliyarmu a Tsibiri, wadda ta daɗe tana wannan aiki tun kafin in shiga. Ta tara mana mutane ƙarƙashin dalbejiya. Na tambayi wani dattijo makaho ko ya ji kiran, ya yi dariya.

"Na ji mana, ɗiyata. Ai Mariya ce. Har na gaishe ta, ba ta amsa ba, na ce yau kuma mi na yi wa Mariya?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Na juya na dubi Yaya Mariya. Sai ta tuna mini cewa lokacin gwajin Tsibiri, muryar da aka ɗauka a Yamai ba ta iso ba, shi ya sa muka ba ta waya ta karanta saƙon da bakinta. Na ajiye wannan a raina. Ta cika mu da fura mai sanyi, muka kama hanya rana na shirin take tsaka.

Jiratawa

Daga Tsibiri zuwa Jiratawa dole a sake ratsa Maraɗi. Cunkoson manyan motoci masu lodin hatsi ya riƙe mu kusa da kasuwa, sai bayan azahar muka gangara kwarin Gulbi. Nan ƙasa ta sauya, ko'ina kore shar, ga zogala layi-layi, ga mata suna tsinka suna zubawa a manyan kwanduna.

Mushe Saini ya ɗaga wayoyinsa yana dubawa. Malam Ila ya ce, "Mushe, yaya rezon?"

"Ya cika fal," ya amsa, "ya ma fi na Tsibiri."

Ba mu da wakili a Jiratawa, don haka muka bi gida-gida. Gida na uku shi ne na Inna Baraka, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya budurwa, Zuwaira. Shan inna ya kama ƙafafun Zuwaira tun tana ƙarama. Mun iske ta zaune kan tabarma tana dafa zogala ta sayarwa. Bayan gaisuwa na tambayi uwar ko an kira ta daga biromu.

"Daga biro? A'a. Ɓarayin waya dai sun dame ni satin da ya wuce. Sau uku ina kashewa."

Na roƙi Mushe Saini ya kunna mata saƙon. Muryar da aka ɗauka a Yamai ce, ta namiji, mai santsi kamar ta rediyo: "Albishirinki, kin samu taimako daga gwamnati. Danna ɗaya don jin bayani."

Inna Baraka ta tafa hannu. "Shi ne! Wanga shi ne! Haka suka yi wa maƙwabciyata bara, albishir, danna kaza, kafin ta farga sun kwashe abin da ɗanta ya aiko mata. Liman ma ya faɗa a masallaci, duk wanda ya ji albishir daga bakin da bai sani ba, ya kashe."

Mushe Saini ya sa aka maimaita masa a hankali, sannan ya kama kai yana dariya. "Wallahi, Inna, da ni ne ma zan kashe."

Ni dariyar ba ta zo mini ba, domin na buɗe odinatar na ga abin da saƙon ya ƙunsa. Sunan Zuwaira ya fito cikin waɗanda za a auna wa keken guragu mai ƙafa uku, kuma masu awon da suka zo Maraɗi gobe Laraba za su rufe su koma. Wanda bai zo ba, a ba na bayansa. Da na faɗa, Zuwaira ta ajiye ludayi.

"Tanti, tun yaushe nake jiran kekenga. Da shi zan kai zogalata bakin titi da kaina, in daina ba wasu suna sayar mini."

Na ce, "Gobe da ke za mu tafi. Motar ta biro ce, kuma aikin biro ne wannan."

Sauran yinin muka kwashe muna neman waɗanda kiran ya shafa. Mai unguwa ya sa aka yi shela, muka samu ƙarin mutum biyu, su ma muka ce su shirya. Hadari ya haɗo da la'asar sakaliya, aka tsuge da ruwa, Malam Ila ya ce ba zai yi kasadar fita a taɓon nan ba. Ni na sauka gidan wata malamar lakwal, wato makarantar boko, da muka yi karatu tare, mazan kuma mai unguwa ya karɓe su.

Kafin magariba muka yi muhawara da Mushe Saini a zauren mai unguwa, ga kwanon kwaɗon zogala a gabanmu. Na ce a cikin tsarin zan rubuta cewa kowane gari muryar ɗan garin za a ɗauka, wanda aka sani, ya fara da faɗin sunansa, kuma kada a ce kowa ya danna komai.

"Madam, garuruwa nawa gare ku? Kowane saƙo ya canza sai an sake ɗaukar murya ko'ina. Wa zai yi?"

"Wakilanmu, da salularsu. Kai za ka gina mana hanyar da za su aiko."

"To ai Yamai so suke na'ura ta rage wakilai."

"Sai su karanta su ga cewa na'urar ba ta yin magana sai da su. Jiratawa ma wakili zan nema mata."

Ya ci kwaɗo ya yi tunani. Ya kawo wata matsala da ban hango ba: su ma ɓarayin za su iya kwaikwayon muryar mutum. Don haka ya ce a riƙa kira da lamba ɗaya tak, a liƙa ta a gidan mai gari da likita, wakili ya sa wa kowa ita a waya. Na karɓa nan take.

Komawa Maraɗi

Da gari ya waye ƙasa ta tsane. Malam Ila da Mushe Saini suka ɗaga Zuwaira zuwa kujerar gaba, mu kuma muka matsu a baya da Inna Baraka da sauran biyun. A shinge wani jandarma ya ƙirga mu ya ce takardar mutum uku ta ce. Na yi masa bayani, ya dubi Zuwaira, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, ku tafi."

Da hantsi muka isa wurin awon, aka auna su duka ukun. Daga nan na wuce biro, na shiga wajen Direkta ko ruwa ban sha ba. Na kunna masa muryar Yaya Mariya, na kunna ta Yamai, na ce ya ɗauka shi tsohuwa ce a Jiratawa, sannan na faɗa masa shawarar da muka yanke. Ya saurara, ya tambayi Mushe Saini ko abin zai yiwu. Mushe Saini ya ce zai yiwu, kuma shi da kansa zai kare shi a Yamai. Direkta ya ce, "Ki bar babin, ki gyara shi." Ranar Juma'a tsarin ya tafi da sa hannunsa. Can Yamai sun amince da muryoyin da lambar, batun ƙarin wakilai kuwa har yanzu muna ja da su, kuma ban da niyyar saki.

Ranar da aka gama keken na je wurin masu walda. Aka zaunar da Zuwaira, ta kama abin murzawa da hannu biyu. Inna Baraka ta matso za ta tura ta.

"Inna, cire hannunki," in ji ta.

Ta murza, keken ya yi hagu, ta gyara shi, ta fita ƙofa ta hau gefen titi. Wani mai kabu-kabu ya danna mata hon, ita ma ta kaɗa masa ƙararrawa, ta ci gaba abinta, uwar na bin ta da sauri tana salati.

Na iso gida da yamma lafiya lau. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Malam Ila da Mushe Saini, da Yaya Mariya, da mutanen Jiratawa da suka ba mu masauki da abinci ranar da ruwa ya tsare mu.