Mai Ƙirgar Auduga a Ɗakin Fiɗa

Zakariya, makiyayi daga Azagor, yana kwance a ɗakin fiɗa. An kashe mishi jiki daga ƙugu zuwa ƙasa ana gyara mishi ƙaba, amma idonshi biyu. Yana kallon wata ma'aikaciya gajeruwa cikin koren kaya, ta rufe hanci da baki, sai tsage biyu a gefen idonta.

Lokotoro, wato likitan da ke fiɗar, ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni zare."

"Dakata tukuna," in ji ta. "Auduga ɗaya ba ta dawo ba."

Ba wanda ya yi mata gardama. Lokotoro ya koma yana lalube, wani ya duƙa yana duba ƙasa. Ita kuwa tana sake ƙirgawa da ƙarfi, kowa na ji. Zakariya ya ce a ranshi, wannan cikin dabbobi ta tashi, don kuwa haka uwarshi ke tsayawa bakin garke da marece tana ƙirga su.

"Ga ta nan," in ji lokotoro, ya zaro ta jajur daga cikin Zakariya.

Ta miƙa zaren, sannan ta dubi Zakariya. "Baba, ba mu bar maka komai a ciki ba. Yanzu za a ɗinke."