Shatin da Baba Yake Gani a Gilashi

Baba ya tuƙa motar majami'armu a Sabon Gari har kansa ya yi fari fat. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota ruwan toka, ya dawo gidana a Samaru da zama, don Mama ta riga ta rasu, ni kuma daga ni sai 'yata. Ina koyarwa a wata firamare kusa da gida, da ƙafa nake zuwa. Ita yarinyar makarantarsu na Sabon Gari, shi ke kai ta da safe ya ɗauko ta da yamma. Aikin da ya rage masa ke nan a duniya, kuma bai ɗauke shi da wasa ba.

Jikin mota bai dame shi ba, ko taɓo ya kai rufi sai ya ce ruwan sama zai wanke. Cikin gilashi ne abin faɗa. A cewarsa kowane sakarai ya iya watsa wa mota ruwa ta waje, amma dattin da ke kashe direba a ciki yake: maiƙon hannu, numfashin mutane, da wani tururi da robar gaban mota ke fitarwa in rana ta dake ta. Ba ka ganinsa sai ka fuskanci rana. Hanyarsu kuwa da safe gabas take yi, da yamma ta dawo yamma, kullum rana a ido.

Yana da tsarinsa, tun ina ƙarama na haddace. Ba a goge gilashi a rana, sai a inuwa, don ruwan kada ya bushe kafin a kwashe shi. Ba a sa garin sabulu. Ruwan ɗumi ne da ɗan ruwan khal, a jiƙa tsumma a matse shi sosai, ba a zuba wa gilashin kai tsaye. Tsumma biyu, ɗaya mai laima ɗaya busasshe, sannan a bi da tsohuwar jarida. Ciki a goge a kwance, waje a goge a tsaye. In shati ya fito, kallo ɗaya za ka san ta wane gefe yake, ba sai ka yi ta zagaye mota kamar kaza mai neman wurin ƙwai ba.

Da bayansa ya fara ciwo, lanƙwasawa zuwa ƙasan gilashin gaba ta gagare shi, sai aikin ya dawo kaina. Kowace Asabar in shiga kujerar mai zaman banza in juya bayan hannu ina cusa tsumma a lungu, shi yana zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya yana ba da umarni.

A daminar nan ne ƙorafi ya fara. Ya dawo daga kai yarinya ya ce, “Uwata, kin bar shati.” Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na sake gogewa. Washegari ya ce shatin na nan. Na canja tsumma, ya ce sabon yana zubar da gashi. Na tafasa tsohon, ya ce na cika khal. Na rage, ya ce maiƙon bai fita ba. Ni kuwa kowa ya san ba ni da haƙuri, a wurin Mama na gado. Ranar da abin ya ishe ni na jefar da tsumman a bokiti na ce, “Baba, wannan gilashi in na ƙara goge shi hujewa zai yi. In ba ka son aikina ka faɗa mini kawai.”

Bai yi fushi ba. Cewa ya yi, “Yaran yanzu hannunku ba nauyi.” Ina da shekara arba'in da wani abu a lokacin.

Daga nan ya yanke cewa gilashin ne ya tsufa. Muka tafi wajen masu kayan mota a Sabon Gari, shagon wani Inyamuri da suka daɗe da sanin juna. Mutumin ya shafa gilashin ciki da waje, ya karkata kai ya hanga ta gefe, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Baba Direba, wannan gilas lafiya lau ne. In na sayar maka wani, na cuce ka.” Baba ya ce masa shi ma tsufa ya kama shi. Suka yi dariya, muka dawo. A hanya na lura yana tafiya a hankali fiye da da, yana manne da bayan wata tifa tun daga Kwangila, bai wuce ta ba. Na ɗauka taka-tsantsan ne na tsofaffi.

Asabar da ta biyo na tashi da niyyar in rufe masa baki. Na jira hantsi ya wuce, na tura motar inuwa, na yi komai yadda ya koya mini, har jarida sabuwa na roƙo wajen maƙwabci. Na gama gaba da baya. Da na zo tagar direba sai na sauke gilashin ƙasa gaba ɗaya, don in goge robar bakin tagar da datti ke maƙalewa. Ina cikin haka ya taso daga benci ya buɗe ƙofa ya zauna a mazauninsa, ya ja ƙofar. Ya duba gaba, ya yi tsaki. Sannan ya juya gefensa ya ɗaga yatsa.

Ya ce, “Ga shi nan. Wannan ma ya fi na gaban muni. Ke ba kya gani ne?”

Ina tsaye a waje daf da shi, tsumma a hannuna. Babu gilashi tsakaninmu. Yatsansa ma ya ɗan fito waje.

Na ce, “Baba, a kwance yake ko a tsaye?”

Ya ƙura ido ya daɗe. Ya ce, “Ba a kwance ba, ba a tsaye ba. Kamar hayaƙi ne.”

Na miƙa hannu ta tagar na ɗora a kafaɗarsa. Ya dubi hannun, ya bi shi da kallo har zuwa fuskata, sannan ya ɗaga nasa ya laluba inda gilashin ya kamata ya kasance. Ya yi ta lalubawa. Daga baya ya sauke hannun ya ɗora a sitiyari. Yarinyar tana cikin gida tana wanke safar makaranta, ina jin ƙarar famfo. Abin da ya zo mini a rai shi ne, jiya ma shi ya ɗauko ta, ta cikin keke da babura da ɗaliban da ke tsallaka titi ba sa duba ko'ina. Na jira in ji tsoro ko in ji kuka ya taso. Ba abin da ya zo. Na ɗauki bokiti na zubar da ruwan a gindin darbejiya.

Ranar Litinin na sa yarinyar a keke mai ƙafa uku, na nemi izini a makaranta, na kai shi asibitin ido. Ni na tuƙa. Shi ya koya mini tuƙi tun ina budurwa, amma bai taɓa zama a gefena ya bar ni na kama titi ba sai ranar. A layi ya yi ta gaya wa wani tsoho cewa yanar ido ce ta rufe masa gani, za a kankare ya koma bakin aikinsa. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta duba shi ta daɗe. Ta ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye. Abin da ya tafi ya tafi. Akwai maganin ɗigawa da zai riƙe sauran in an kiyaye.

Baba ya ce, “To, tuƙi fa, 'yata?”

Ta dube ni kafin ta dube shi. Ta ce, “Baba, a bar wa yara.”

Ya ce, “To.”

Shi ke nan abin da ya faɗa. Na karɓi magani, na tambayi sau nawa ake ɗigawa, na sa a jaka. Ina ta mamakin kaina, ni da nake tayar da jijiyar wuya a kan tsumma, ga babban abu ya zo na tsaya kamar an aike ni sayen gishiri. Ko a majami'a da mata suka kewaye ni suna sannu, ina amsawa ne kawai. Wata ta ce na iya dauriya. Ba dauriya ba ce, ban ji komai ba ne, kuma abin ya fi kuka ba ni tsoro.

Makullin bai miƙo mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai wayi gari na gan shi a kan firij. Na koma tashi da wuri ina kai yarinyar kafin in wuce aji. Kwanaki yana zaune a benci in mun fita, yana nan in na dawo. Gilashin na ci gaba da gogewa ranar Asabar, ba mai cewa ya yi ko bai yi ba.

Wata safiya muna shirin fita na same shi a kujerar gaba, ya sa hularsa ta zuwa majami'a. Ya ce zai raka jikarsa. Muka kama hanya, yarinyar a baya tana cin biredi. Yana zaune tsaf, hannuwa a gwiwa, yana faɗa mini hanya kamar baƙuwa: nan masu keke ke tsayawa ba sigina, nan ki ba tifa wuri. Duk daidai yake faɗa. Da muka wuce Kwangila muka nufi Sabon Gari sai ya ɗan ɗaga hannu.

“Rage gudu, Uwata. Akwai rami babba a gabanki, ki bi ta hagu.”

Ramin an cike shi tun bayan da ya daina fita, kwalta ce baƙa sumul. Yarinyar ta leƙo ta tsakanin kujeru za ta yi magana, na harare ta ta madubi, ta koma ta zauna. Na taka birki, na karkata hagu, na zagaye wurin a hankali, mai babur na bayana yana ta danna mini oda.

Baba ya ce, “Yawwa. Kin tsallake shi.”