Katangar da Ta Zo a Bushe

A daminar 1976 babu golan da ya kai ni tun daga Malali har Kurmin Mashi, kai, ba don kada a ce na cika baki ba da sai in ce har Katabu. Ina tuna wata Asabar bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan ƙasa tana ƙamshi, muka kara da yaran Kurmin Mashi a filin firamarenmu, aka tashi ba su jefa mini ko ɗaya ba. Aka saɓa ni a kafaɗa ana ihun "Ɗanjuma hannun ƙarfe!" Abin da ba na saurin gaya wa 'ya'yana shi ne, ranar ƙwallon ko gaishe ni ba ta zo yi ba. Har dafaffiyar gyaɗa na ci a tsakanin gorori biyun da muke kira raga. Dalili kuwa Lawwali.

Lawwali ɗan Malam Sani lebura ne, mutanen Zamfara da ke haya a ɗakin zauren gidanmu. Ba ya boko, allo yake yi wurin malamin unguwa. Tare muke yanko wa tumaki ciyawa, tare muke layin famfo, tare muke shan dukan innata in muka fasa tulu. A fili gabana yake tsayawa, ba takalmi, da wata ƙafa kamar taɓarya, duk wanda ya taho da ƙwallo sai ya koma yana ɗingishi. Filin kuwa da safe ne kawai na makaranta. Da yamma na kowa ne, awaki da masu koyon keke da mata masu yanke hanya zuwa injin niƙa.

Sai wata safiya hedimasta ya tara mu ya ce za a mayar mana da wurin filin wasa na zamani, da katanga da wurin zaman 'yan kallo da ƙofar ƙarfe, kuma in an gama ba mai shiga sai da kayan makaranta. Ko gezau ban yi ba, don mun san gini. Birkila ya jera bulo ya tafi cin abinci, ku lallaɓa tun siminti na ɗanye ku zare biyu daga ƙasa inda ciyawa ke rufewa, ku goge simintin ku mayar da su a sake. Katanga ta bushe da ƙofarta, mai ita bai sani ba. Haka muka yi wa kusan kowace katanga a unguwar. Na bugi ƙirji na ce, "Lawwali, ƙofarka tana hannuna."

Ba bulo aka kawo ba. Tireloli ne suka riƙa shigowa ɗauke da falankan kankare, kowanne ya fi ƙyauren zaure faɗi, an zuba su da rodi a ciki can wani wuri, sun zo a bushe ƙarau, sumul kamar an goge su da dutsen guga. Aka kakkafa ginshiƙai masu tsagi a gefe, wani inji mai dogon wuya da muka sa wa suna raƙumin dawa ya riƙa ɗaukar falanki da sarƙa yana zura shi tsakanin ginshiƙai biyu, leburori na riƙe da gefe suna daidaitawa. Malam Sani na cikinsu. Mu kuwa muna tsugune gefe da guntun ƙarfenmu na ƙwaƙule siminti, muna jiran ranar da wani abu zai yi ɗanye. Ranar ba ta zo ba. Kafin a yanke dawa katanga ta zagaye filin, ba wurin zare komai, ba inda babban yatsa zai kama a hau. Na gwada, na sulɓe, gwiwata har yau da shaida. Abin da kawai aka bari shi ne 'yar huda a gefen kowane falanki, inda ake saƙala ƙugiya, daidai ido ɗaya.

Ana cikin jera falankan wurin zama ne sarƙa ta zame, ɗaya ya sauka a kan ƙafar Malam Sani. Aka kai shi asibiti, ya dawo da sanda, bai sake ɗaukar ko kwanon yashi ba. Ya kan zauna ƙofar zaure ya miƙe ƙafar, daga nan ana hango katangar fara fat. Sau ɗaya na ji ya ce wa babana, "Alhaji, da hannuna ni rufe ma ɗana ƙofa, ta kuma amshi ƙafata." Babana ya ce sai haƙuri.

Ranar buɗe filin aka ba mu kambas da riguna masu lamba, aka kafa raga ta gaske, 'yan Kurmin Mashi suka dawo. Lawwali ya biyo ni har ƙofa, maigadi ya tare shi da sanda. Ni kuwa na shige na bar shi a waje. Abin da ya biyo baya ba ya lissafuwa. Ragar nan ta sha ƙwallo har na tausaya mata, wata ma ta tsakanin ƙafafuna. Duk sanda na juya in ɗauko, sai in ga ido ɗaya a hudar falankin da ke bayana, yana kallona. Bayan kaka su Malam Sani suka ɗora 'yan komatsansu a akori-kura suka koma Zamfara, ɗakin zaure ya zama wurin ajiye dusa.

Katangar tana nan har yau, ta yi baƙi, ko tsagewa ba ta yi ba, sai dai filin ciyawa ta cinye shi, yaran unguwa kuma kan kwalta suke buga ƙwallonsu suna kauce wa babura. In na wuce nakan rage tafiya, in dubi 'yan hudojin nan.

Bara na ci karo da Lawwali a tashar Kawo, direban bas ne, gemu duk furfura. Muka rungumi juna, ya gaya mini tsohonsa ya daɗe da rasuwa, da sandarsa. Don in sauya zance sai na fara ba yaran tasha labarin hannun ƙarfe. Ya bari na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗanjuma, bari wanga zance, ni fa na gani da idona. Da falanki guda anka jingine cikin ragar nan da ya fi ka, shi aƙalla ba ya runtse ido."