Kawu Sale Ba Ya Katse Mai Magana

Kawu Sale bai taɓa kashe rediyo mutum yana magana ba. Ku da kuka zauna da shi a unguwar Briqueterie kun sani. Yayan mahaifiyata ne, tsohon tela, ɗakinsa na farko in ka shigo gidanmu. Zai ɗora yatsa a kan maɓalli ya tsaya ƙyam, sai mai labarai ya kai aya, sannan ya ce, "To Malam, mun gode, a huta gajiya," ya kashe. Ka kuskura ka yi dariya ya harare ka: "Ɗan halak ba ya katse mai magana."

Wata rana na raka shi tashar jirgin ƙasa, zai tafi Ngaoundéré. Mun iso, mai taksi ya tsaya, Kawu ya ƙi sauka. Wai mutumin rediyo bai gama ba! Jirgi na ta busa, ni ina ta tsalle da jaka.

"Kawu, don Allah! Ai ko Faransancin ba ka ji!"

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "shi ya san ba na ji?"

Sai washegari ya tafi.

To, wannan mutumin ne ɗansa ya aiko wa da ordinatar, wato kwamfuta, daga Douala, irin babbar nan ta kan tebur. Muna da bokis ɗin wifi a falo, kowa na kamawa da wayarsa. Kawu ya ce shi atafau sai an ja masa igiya daga bokis har ɗakinsa. "Abin da ba na ganin igiyarsa, aikin aljanu ne." Aka ja masa shuɗiyar igiya ta ƙarƙashin ƙofa, muka manta da ita.

Ba a yi wata biyu ba rezo, wato intanet, ya mutu a gidan nan. Ka tura saƙon murya da hantsi, sai bayan la'asar ya isa. Ni kuwa a lokacin na gama karatun jinya, shekara biyu ina zaune ba aiki, takarduna har sun fara cin ƙura. Sai ga wani asibiti a Garoua ya ce za a yi mini tambayoyin ɗaukar aiki ta bidiyo ranar Talata da ƙarfe goma. Dama ɗaya tak, ga rezo kamar tafiyar hawainiya. Raina ya ɓaci, kun kuma san ni in raina ya ɓaci.

Babu abin da ban yi ba. Na canza mot de passe, kalmar sirrin wifi, sau uku. Na ɗora bokis a kan firij, na sauke, na rataye shi a taga. Na ƙwace wayoyin ƙannena na kulle a akwati. Har wurin Buba mai tsire na je, a bakin layi, gaban mutane, na ce shi ke satar mana rezo. Bawan Allah ya zaro wayarsa ya nuna mini, 'yar ƙarama mai tocila, ko hoto ba ta ɗauka. Wallahi har yau ba na iya bin ta gabansa.

Ranar Asabar na kira Etienne, wani mai gyara daga unguwar Messa. Ya sa kowa ya kashe wayarsa ban da ni, ya gwada, shiru. Ya zagaya bayan bokis, sai ya ga shuɗiyar igiya.

"Wannan ina ta nufa?"

"Ɗakin Kawu. Rabu da shi, tsoho ne, me ya sani?"

Ya zare ta. Jama'a! Bidiyon da ya maƙale a wayata tun safe ya kama gudu. Ya mayar, ya tsaya cak. Ya zare, ya gudu. Sau uku. Na dafe ƙirji na ce innalillahi, ashe ɓarawon a gida yake, na je na ci mutuncin Buba a banza!

Kawu yana masallaci. Muka shiga ɗakinsa, Etienne ya zauna gaban ordinatar, ya duba, ya cire tabarau, ya sake dubawa. "Mon Dieu," ya ce. Shafuka ne a buɗe rututu, kowanne da malami yana tafsiri. Wannan daga Kano, wannan daga Maroua, wancan daga Makka kai tsaye. Duk wanda ya turo wa Kawu wa'azi sai ya buɗe, ya saurara, ya rage murya, ya bar shi yana yi. Wata biyu! Ko wuta aka ɗauke, tana dawowa injin ya sake buɗe su duka. Etienne ya ƙirga talatin da shida, yana shirin duba na ƙarshe sai ga Kawu a bakin ƙofa. Ya tako da sauri ya rufe gefen allon da tafin hannu.

"Wannan ba ruwanka."

"Kawu!" na ce. "Malamai talatin da shida a ɗaki ɗaya? Su suka cinye mana rezo! Ka rufe su mana!"

"In rufe wa malami baki yana karanta Alƙur'ani? Uwata, ke da hankalinki?"

"Ai ba ka ma jin su!"

"Ni ba na ji, gidan yana ji. Kin ga an yi mana sata tun da suka zo?"

Da ƙyar mahaifiyata ta shawo kansa. Ya yarda zai sallame su ranar Talata, amma da kansa, ɗaya bayan ɗaya, kuma kada wanda ya sake taɓa masa igiya.

Talata ta zo. Tara da rabi ya sa babbar riga ya zauna. Ina falo ina jin sa: "Malam, a gafarce ni, uzuri ne ya taso." Sai ya jira malam ya kai aya. Kun kuwa san malamanmu, wani in ya ɗauko numfashi sai ya kai Madina bai ajiye ba. Ƙarfe goma ta buga, huɗu kacal ya sallama. Huɗu!

Likitan Garoua ya bayyana a wayata, ya buɗe baki, ya daskare haka da baki a buɗe. Muryarsa na zuwa gutsi-gutsi: "Madame… vous m'entendez?" Wai ko ina jin sa. Na amsa, bai ji ba. Ya duba agogo. Na ga shekara biyu na zamana suna shirin zama uku. Na ruga ɗakin Kawu ina kuka, zan zazzaga masa rashin kunya, sai na ga allon.

Shafi na talatin da bakwai ne a buɗe. Inna Asabe ce, matarsa da ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Bidiyon wani bikin suna ne da wata 'yar uwa ta saka, yana ƙarewa ya sake farawa. Tana tsaye da ludayi tana yi wa mai ɗaukar hoto faɗa: "Ka ajiye abin nan ka ci abinci! Ku gaya wa Malam Sale ma, na ce ya…"

Kawu ya kalle ta, ya kalli hawayena. Ya sunkuya ya fizge igiyar da hannunsa. Bidiyon ya tsaya a nan.

"Je ki," ya ce. "Shekara arba'in ban taɓa katse ta ba. In kika faɗi, ke za ki yi mata bayani."

Ban faɗi ba. Yau shekarata ta biyu a Garoua.

Amma Kawu bai sake mayar da igiyar ba. Na roƙe shi, na ce zan sa Etienne ya bar masa ita kaɗai, ba za ta ci komai ba. Ya ce, "Da wane ido zan kalle ta?" Ya naɗe igiyar ya rataye a ƙusa, kusa da almakashinsa. Wata bakwai bayan nan ya rasu. Da na zo zaman makoki rezo na ta gudu a gidan, kuma wallahi na tsane shi.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya saurare shi kamar yadda ya saurari bayinSa. Allah ya kai shi inda Inna Asabe take, ta ƙarasa masa maganar.